Tufar Sanyi da Kawaicin Abokan Tafiya: Nazari a Kan Wasu Matafiyan Turai da Suka Yi Shigar Maza, 1766 zuwa 1904

1.0 Gabatarwa

Asalin wannan takarda wata 'yar hira ce da ta ɓarke a cikin mota, wata asubar hunturu, muna kan hanyar zuwa Jos. Da muka shiga motar mun tarar da wani mutum a kujerar baya ya ƙudundune cikin bargo, ga hular sanyi har gira, ga safa a hannu, ba abin da ake gani sai idanu. Wani abokin aikinmu ya ce, "Malam, ɗan muskuta mana." Sai muka ji muryar dattijuwa daga cikin bargon tana cewa, "Ɗan nan, ai na haife ka." Aka yi dariya, aka ba Iya haƙuri, mota ta tashi. Tun daga nan har muka hau tudun Jos hirar ba ta bar kan tufa ba. Wani ya ce in ɗari ya kai ɗari, da namiji da mace duk kamarsu ɗaya. Wani kuma ya ƙara da cewa ai da haka ne matan Turai na da suka riƙa shigar maza suna shiga soja da aikin jirgin ruwa, ba wanda ya gane su.

A lokacin mun yarda da wannan magana. Amma da muka koma ga abin da aka rubuta game da mutanen, sai muka tarar rabinta ne gaskiya. Maƙasudin wannan takarda shi ne ta nuna cewa, ko da yake tufar sanyi da ta tafiya ta taimaka ƙwarai wajen ɓad da kama, ba ita kaɗai ta riƙe asirin ba. A kowane labari da za mu kawo akwai waɗanda suka gani, ko suka yi zato, suka kau da kai. Kuma tsawon zaman da mutum ya yi cikin shigar ya danganta ne ga tsawon kawaicin waɗanda ke tare da shi.

Akwai wata matsala da Hausa ta ɗora mana tun daga farko. Bahaushe ba ya iya yi wa mutum magana, ko ya yi magana a kansa, sai ya zaɓi jinsi: ko "kai" ko "ke", ko "ya zo" ko "ta zo". Ƙa'idar da muka bi a nan ita ce mu kira kowa da lamirin da ya dace da yadda ya tsai da rayuwarsa a ƙarshe. Saboda haka za a ji mun ce "ta" ga Baret da Eberhardt, mun ce "ya" ga Barry. Tarihi muke nazari, ba fatawa muke bayarwa ba.

2.0 Tufa da Doka a Turai

A Turai ta ƙarni na 17 zuwa na 19, tufa ita ce takardar shaidar mutum. Babu hoto, babu katin da ake nunawa. Da an dubi rigar mutum an san matsayinsa da sana'arsa da jinsinsa. Wasu masana tarihi biyu na ƙasar Holan, Rudolf Dekker da Lotte van de Pol, sun bi takardun kotuna da na kamfanonin jiragen ruwa, suka wallafa sakamakon a 1989. Sun sami labarin mata 119 da suka rayu cikin shigar maza tsakanin 1550 da 1839, yawancinsu sojoji ne ko ma'aikatan jirgi, matasa ne, talakawa, kuma da dama sun yi nisa da garin haihuwarsu. A lura, waɗannan su ne waɗanda aka kama har sunansu ya shiga takarda.

Tufar namijin Turai ta wancan zamani kamar don wannan aiki aka ɗinka ta. Hawa-hawa ce saboda sanyi: riga 'yar ciki, sa'an nan falmaran, sa'an nan kwat mai kauri, ga ƙyallen da ake naɗewa a wuya wanda ke rufe zakaran wuya, ga hula. Rashin gemu kuwa bai zama abin tuhuma ba, domin jiragen ruwa da barikokin soja cike suke da yara maza waɗanda muryarsu ba ta buɗe ba. Watau matan nan ba kamar cikakkun maza suka fito ba, kamar samari suka fito, kuma wannan ne ya sa shigar takan yi wuyar ɗorewa in shekaru suka tura.

Hukuma ta san ana yi. Dokar sojan ruwan Faransa ta 1689 ta hana ɗaukar mace a jirgin sarki. Ran 7 ga Nuwamba, 1800, shugaban 'yan sandan Paris ya kafa dokar cewa duk macen da ke son sa tufar maza sai ta karɓi izini a rubuce. Mai zanen nan Rosa Bonheur tana cikin waɗanda suka karɓa. Dokar ta daɗe da mutuwa a aikace, amma sai a 2013 gwamnatin Faransa ta furta cewa ba ta da sauran ƙarfi.

Wadda ta fi bayyana alaƙar shigar da sanyi ita ce marubuciya Aurore Dupin, wadda duniya ta sani da George Sand. Ta zo Paris cikin Janairun 1831, tsakiyar hunturu, da ɗan kuɗi kaɗan. A tarihin rayuwarta ta ba da labarin yadda takalmanta na mata suke lalacewa cikin 'yan kwanaki a kan laka da ƙanƙarar titi, rigunanta su jiƙe, kullum tana fama da mura. Mahaifiyarta ce ta gaya mata cewa ita ma ta taɓa shigar yaro a ƙuruciyarta don sauƙin kashe kuɗi. Sai ta sa aka ɗinka mata doguwar kwat ta toka mai saukowa har dunduniya, da wando da falmaran, ta sayi takalma masu ƙarfe a diddige. Da wannan ta shiga ko'ina, har wuraren arha na gidajen wasa inda maza kaɗai ke tsayawa. Amma abokanta duka sun san ko wace ce, kuma da hali ya samu ta koma sa duk tufar da ta ga dama.

3.0 Jeanne Baret: Daga Ƙanƙara Zuwa Zafi

An haifi Jeanne Baret a 1740 a wani ƙauye na lardin Burgundy a Faransa. Ta zama mai kula da gidan wani masanin tsirrai, Philibert Commerson, har ta haihu a Paris a 1764, aka kai jaririn gidan marayu, daga baya ya mutu. A 1766 aka zaɓi Commerson ya bi ayarin jirage biyu da Louis-Antoine de Bougainville zai kewaya duniya da su. Yana da gyambo a ƙafa, ba ya iya aiki sai da mataimaki. Sai Baret ta ɗaure ƙirjinta da ƙyallen lilin, ta sa tufar maza, ta shiga jirgin da ake kira Étoile da sunan Jean, baran masanin. Saboda yawan kayan aikinsu, kyaftin ɗin jirgin ya bar musu ɗakinsa, wanda yake da makewayi na kansa. Ba don wannan ɗaki ba, da wuya a ce shirin ya kai mako guda a cikin maza fiye da ɗari.

Tsakanin Disambar 1767 da Janairun 1768 ayarin ya yi kwana 52 yana ratsa mashigin Magellan, a ƙarshen kudancin Amurka ta Kudu. Ko da yake a can watannin nan su ne na bazara, wurin iska ne da ruwa da ƙanƙara a kan duwatsu. Bougainville da kansa ya shaida cewa baran nan ya bi maigidansa cikin dusar ƙanƙara yana ɗauke da abinci da makamai da manyan takardun matse ganye, har Commerson yana kiransa dabbar ɗaukar kayansa. A nan ne shigar ta fi zama daram: kowa a naɗe yake, ba wanda ke tuɓe riga, kuma wanda ke ɗaukar irin wannan kaya ba a cika yi masa zaton mace ba.

Da suka fito cikin zafin tekun Pasifik sai al'amari ya sauya. Labarin da Bougainville ya buga shi ne, da suka sauka a Tahiti cikin Afrilun 1768, mutanen tsibirin suka kewaye Baret suna cewa mace ce, kuma daga nan aka gane. Labari ne mai daɗi, shi aka fi maimaitawa. Amma littafin ajiyar likitan jirgin, François Vivès, ya saɓa masa. Shi cewa ya yi tun a farkon tafiyar ake raɗe-raɗi, domin ba a taɓa ganin baran ya sauya tufa ko ya kama ruwa a gaban kowa ba. Da aka matsa masa sai ya ce shi dandaƙaƙƙe ne. Ya ce ɗaurin ƙirjin ya yi mata ƙuraje a cikin zafi, tana yawo da bindiga don tsaron kanta, kuma sai a tsibirin New Ireland, cikin Yulin 1768, wasu ma'aikatan jirgi suka rutsa ta suka tuɓe ta da ƙarfi.

A ganinmu maganar likitan ta fi kama hankali, kuma dalilin saɓanin a fili yake. In shugaban ayari ya amsa cewa an fi shekara ana zato bai bincika ba, to, ya amsa cewa ya bar dokar 1689 ta karye a gabansa. In kuwa ya ce baƙin tsibiri ne suka gano abin da ya shige wa Faransawa duhu, ba wanda za a kama da laifi. Ashe ke nan manyan jirgin sun yi kawaici domin aikin tsirrai yana tafiya, ƙanana kuma sun yi haƙuri har ranar da haƙurinsu ya ƙare, kuma abin da ya biyo baya wulakanci ne.

Baret ta sauka tare da Commerson a tsibirin Mauritius a ƙarshen 1768. Ya mutu a 1773, ta auri wani soja, Jean Dubernat, a 1774, suka koma Faransa, da haka ta zama mace ta farko da aka sani ta kewaya duniya. A 1785 ma'aikatar sojan ruwa, wadda dokarta ta karya, ta yanka mata fansho na liba 200 a shekara. Ta mutu a 1807 tana matar aure a ƙauye.

4.0 Dakta James Barry: Kwat da Kwarjini

Labarin Barry ya fara ne da tafiya cikin sanyi. A ƙarshen Nuwambar 1809 wata mata 'yar garin Cork ta ƙasar Ailan ta shiga jirgin ruwa daga Landan zuwa Edinbara da wani saurayi da take kira ɗan ɗan'uwanta. A gaskiya 'yarta ce, Margaret Ann Bulkley, wadda aka haifa wajen 1789. Jami'o'in Birtaniya ba sa karɓar mata a lokacin. Abin da ya tabbatar da wannan asali wata wasiƙa ce da sabon ɗalibin ya aika wa lauyan gidansu ya sa hannu da James Barry, lauyan kuwa, bisa al'adarsa ta rubuta sunan mai aikowa a bayan takarda, ya rubuta sunan budurwar da ya sani. Wani likitan Afirka ta Kudu, Michael du Preez, ya bayyana wannan shaida a 2008.

An ruwaito daga wani abokin karatunsa cewa a Edinbara Barry ba ya rabuwa da doguwar kwat, alhali sauran ɗalibai gajeru suke sawa. A garin da iska ke kaɗawa irin ta Edinbara, ba mai tambayar mutum dalilin sa kwat. Abin da hukumar jami'a ta yi zato shi ne yaro ne ƙarami, har ta so hana shi jarrabawa, sai da wani babban mai faɗa-a-ji, Lord Buchan, ya sa baki. Ya sami digirin likita a 1812, ya shiga soja a 1813, aka tura shi Cape Town a 1816. A can ne, a 1826, ya yi wa wata mata fiɗar ciro jariri, uwa da ɗa suka rayu, abin da ba a saba gani ba a wancan zamani. Ya yi faɗa da hukuma kan halin da kutare da fursunoni da masu taɓin hankali suke ciki. Daga nan sai Mauritius da Jamaika da Saint Helena da Trinidad da Malta da Corfu.

Abin lura shi ne yawancin waɗannan ƙasashen zafi ne, inda babu uzurin bargo. Abin da ya maye gurbin tufar sanyi shi ne kayan sarki: kwat ɗin hafsa mai tsayayyen wuya da cikon kafaɗa, da takalma masu tudu. An ruwaito cewa mutanen Cape sun yi masa laƙabi da likitan audugar rimi, domin suna zaton da ita yake cika kwat ɗinsa. Watau an gani, an kuma yi magana a bayan ido. Abin da ya hana maganar zuwa gaban ido shi ne muƙami da zafin rai. Ya taɓa fita musayar harbi da wani hafsa a Cape. Florence Nightingale, wadda suka haɗu lokacin yaƙin Kirimiya, ta rubuta cewa ya tsai da ita a rana a gaban sojoji yana kan doki yana yi mata faɗa, kuma ba ta taɓa gamuwa da mai taurin zuciya irinsa ba. Wani ƙaramin hafsa da suka kwana ɗaki ɗaya a jirgin ruwa ya tuna cewa kowace safiya sai Barry ya kore shi waje kafin ya sa tufa, shi kuwa ba shi da bakin tambaya.

A 1857 aka kai shi Kanada da muƙamin babban sufeton asibitocin soja. Mutanen Montreal sun riƙa ganinsa cikin jan keken dokin da ke sulɓi a kan ƙanƙara, a lulluɓe da fatu masu gashi. Sanyin ya kama masa ƙirji, aka mai da shi Ingila a 1859, aka sallame shi daga aiki ba da son ransa ba. Likitan da ya duba shi a Montreal, G. W. Campbell, an ruwaito yakan gaya wa ɗalibansa daga baya cewa kwarjinin muƙamin majinyacin, da duhun da kullum ɗakin yake ciki, su suka hana shi yin binciken da ya kamata.

Barry ya mutu a Landan ran 25 ga Yuli, 1865. Ya riga ya bar wasiyya cewa kada a bincika gawarsa, a binne shi da abin da ke jikinsa. Ba a bi ba. Matar da ta gyara gawar ta ce jikin mace ta gani, har da alamar haihuwa, ta nemi a biya ta ta yi shiru, da aka ƙi sai magana ta kai jaridu. Likitan da ya sa hannu a takardar mutuwa, Manjo McKinnon, ya amsa wa babban magatakarda cewa ko Barry namiji ne ko mace, wannan ba huruminsa ba ne. An binne shi a maƙabartar Kensal Green da sunansa da muƙaminsa, soja kuma suka rufe takardunsa, sai cikin shekarun 1950 aka bar mai bincike Isobel Rae ta gan su. A shekarar da ya mutu ne Elizabeth Garrett ta sami lasisin likita a Ingila da sunanta na mace.

5.0 Wane Suna Za Mu Ba Su?

A 1910 wani likitan Jamus, Magnus Hirschfeld, ya ware masu sa tufar wani jinsi a matsayin rukuni na musamman. Kalmar da Turawa suke amfani da ita yau, wadda kafofin labaran Hausa ke fassarawa da "masu sauya jinsi", ta ɓullo ne a rubuce-rubucen likitocin Amurka a shekarun 1960, ta bazu a shekarun 1990. Tana nufin mutumin da yake ɗaukar kansa a jinsin da ba shi aka shaida masa ranar haihuwa ba. Tun daga nan ake jayayya kan mutanen da muka ambata. Wasu sun ce Barry mace ce mai hazaƙa da ta yi shigar burtu don ta sami ilmin da aka hana mata. Wasu sun ce namiji ne a ransa, kuma kiran sa "ta" cin fuska ne. Kalmominmu na gida ba su raba wannan gardama ba: "ɗan daudu" namiji ne mai ɗabi'u da sana'o'in mata, "mata-maza" kuwa maganar halittar jiki ce.

Ba wanda ya bar mana takardar da ya faɗi abin da ke zuciyarsa da irin kalmomin yau, saboda haka abin da mai tarihi zai iya aunawa shi ne aiki. Ma'aunin da muke ba da shawara mai sauƙi ne: me mutumin ya sa bayan tafiya ta ƙare, sanyi ya wuce, dalili ya kau? Sand da Baret sun tuɓe. Barry ya yi shekara shida bayan barin aiki, ba digirin da zai nema, ba ƙarin girman da zai samu, bai tuɓe ba, har ya nemi ƙasa ta rufe shi a haka. Muna ganin kuskure ne a haɗa shi da Baret a kwando ɗaya, ko da wane suna aka rubuta a kan kwandon. Sai dai akwai wadda wannan ma'auni namu bai kama ta sosai ba, ita ce kuwa ta fi kusa da mu.

6.0 Isabelle Eberhardt: Si Mahmud Cikin Alkyabba

An haifi Isabelle Eberhardt a Geneva ran 17 ga Fabrairu, 1877. Mahaifiyarta matar wani janar ɗin Rasha ce da ta bar gida tare da malamin 'ya'yanta, Alexandre Trophimowsky, wanda ake kyautata zaton shi ne uban yarinyar. Shi ya koya mata harsuna, har da Larabci, ya kuma bar ta tana sa tufar yara maza tun tana ƙarama. A 1897 ita da mahaifiyarta suka ƙaura zuwa Annaba a Aljeriya, suka musulunta. Uwar ta rasu a ƙarshen shekarar aka binne ta a maƙabartar Musulmi. Daga nan Isabelle ta aske kanta, ta ɗauki sunan Si Mahmud Sa'adi, ta shiga yawo a kan doki.

Tufar da ta sa mun san ta sarai, domin ita ce alkyabba, wadda fataken Sahara suka kawo mana ta hanyar Gadamas da Tarabulus. A wurinmu ta zama rigar sarauta da ta manyan malamai, amma a can tufar makiyayi ce da matafiyi, ta ulu, mai hula, ba hannu, ita ce riga da rana, ita ce bargo da dare. Wanda bai san Aljeriya ba yakan ɗauka duk zafi ne. Garuruwan tudu irin su Batna da Ain Sefra suna wajen mita 1,000 sama da teku, hunturunsu yana daskarar da ruwa. An ga dusar ƙanƙara a kan rairayin Ain Sefra a Disambar 2016 da Janairun 2018. Mutumin da ya sa doguwar riga, ya yafa alkyabba, ya naɗa rawani da igiyar gashin raƙumi, ba abin da ya rage na siffar jikinsa sai fuska da hannu da murya. Da wannan shiga ta kwana a zangon fatake da gidajen gahawa da zawiyoyi, wuraren da Baturiya cikin rigar Turai ba za ta taka ba.

Amma fa ita ba ta ɓoye ba yadda Barry ya ɓoye. A littattafan ajiyarta na Faransanci wani lokaci takan siffanta kanta da sigar namiji, wani lokaci da ta mace. A 1900, a garin El Oued, ta haɗu da Sulaiman Ehnni, sojan doki ɗan ƙasa, suka zauna tare kowa na gani, suka yi aure a Marseille cikin Oktobar 1901. Marubuci Robert Randau ya tuna yadda Sulaiman ya gabatar masa da ita a garin Ténès: ya ce ga Si Mahmud Sa'adi, sa'an nan ya ƙara da cewa a gaskiya matarsa ce. A El Oued ɗin kuma shaihunan Ƙadiriyya na zuriyar Sidi Ibrahim suka ba ta wuridi. Masu rubuta tarihinta sun haɗu a kan cewa su da mafi yawan waɗanda ta zauna da su sun san mace ce, amma suka ci gaba da kiran ta Si Mahmud, laƙabin da ba a ba mace.

Me ya sa? Shaihunan nan ba su jahilci hadisin da ya la'anci mazan da ke kamanta kansu da mata da matan da ke kamanta kansu da maza ba. Fahimtarmu ita ce sun fifita wasu ladubba da su ma addini ya zo da su: hana bin diddigi, da suturta Musulmi, da haƙƙin baƙo. Baƙo ya faɗi sunansa, mai masauki ya karɓa, abin da ke ƙarƙashin alkyabba kuwa tsakaninsa da Mahaliccinsa. Bahaushe ba ya buƙatar a yi masa dogon bayani a nan, domin abin da muke kira kara ke nan. Waɗanda suka fi tsananta mata da gori da tsegumi su ne Turawa 'yan kaka-gida, waɗanda a wurinsu babban laifinta shi ne Baturiya ta zauna a tabarma ɗaya da waɗanda ake mulka.

Kada dai a ɗauka kowa ya yi mata karar. Ran 29 ga Janairu, 1901, tana cikin tawagar wani shaihin Ƙadiriyya a ƙauyen Behima, wani mutum mai suna Abdullahi ɗan Muhammadu ya afka mata da takobi. Wata waya da aka ɗaura a saman tsakar gidan ta rage ƙarfin saran farko, amma ya yi mata mummunan rauni a hannun hagu. A shari'ar da aka yi a Kustantina cikin Yunin shekarar, ya ce umurnin Allah ya bi, ya kuma ambaci shigar mazan da take yi. Ita kuwa da aka tambaye ta dalilin shigar, sai ta ce ta fi sauƙi wajen hawan doki, amsar da ba ta da bambanci da ta George Sand shekara saba'in kafin nan, kuma da wuya a ce ita ce dukan gaskiyar. Ta yafe masa, ta roƙa aka rage masa hukunci. Hukumar Faransa kuwa ta kore ta daga Aljeriya; auren Sulaiman, wanda yake da takardar zama ɗan Faransa, shi ya buɗe mata hanyar komowa a farkon 1902.

Sauran shekarunta ta yi su ne tana rubuta wa jaridun Aljas labarai. Ta ziyarci Lalla Zainab, matar da ke shugabancin zawiyar Rahmaniyya ta El Hamel. A 1903 aka aike ta kudu maso yamma, bakin iyakar Maroko, inda ta saba da Janar Lyautey, wanda ya ga amfanin mai iya shiga inda hafsoshinsa ba sa iya shiga. Wannan kusanci ne ya sa har yau wasu ke tuhumar ta da yi wa mulkin mallaka leƙen asiri. Cikin bazarar 1904 ta zauna a zawiyar Kenadsa a matsayin matashin ɗalibi daga Tunis mai yawon neman ilmi, shaihin wurin ya ba ta ɗaki da abinci kamar kowane almajiri, har zazzaɓin cizon sauro ya mai da ita asibitin soja na Ain Sefra.

Da safiyar 21 ga Oktoba, 1904, ta bar asibitin ta gangara wani gidan ƙasa da ta kama haya a bakin kwari don ta sadu da Sulaiman. Jim kaɗan ambaliya ta taso daga duwatsu ta share unguwar. Sulaiman ya tsira. Ita an tsinci gawarta a ƙarƙashin wata azara, da tufar mahayin Larabawa a jikinta, tana da shekara 27. Lyautey ya sa sojoji suka tone lakar suka tsamo takardunta, waɗanda aka fara bugawa a 1906. An binne ta a maƙabartar Musulmi ta Ain Sefra, aka rubuta Si Mahmud da Larabci a kan dutsen kabarin, aka kuma rubuta Isabelle Eberhardt, matar Sulaiman Ehnni, da Faransanci.